Ba Aljanin Ruwa Ba Ne, Kuma Ba Rabi Ba Ce

Salamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta ko harafi a shafin nan ba. Masu cewa na tafi ci-rani, ban je ko'ina ba, ciwo na yi har na kwanta a asibiti. Yau zan faɗi abin da ya kai ni, don akwai wadda haƙƙinta yake wuyana.

Duk wanda ya san ni a Wudil ya san sana'ata ɗibar yashi ce a kogi. Mu yi nutso da bokiti, mu ciko, mu juye a jirgi, har tifa ta zo. Da safe ruwan nan kamar ya tsaga ƙashi. A nan na fara shan tiramol, ƙwaya ɗaya, wai don ƙarfin aiki. Kafin shekara ta zagayo na koma kati guda a yini.

Faɗuwar farko a tsakar gida na yi ta, ina alwalar la'asar. Aka ce na sandare, bakina yana kumfa, har na ciji harshena.

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Aljanin ruwa ne. Dama na faɗa, kogin nan ba a shigarsa kullum."

Na san ba aljani ba ne, amma na yi gum. A wurinmu mai aljani abin tausayi ne, ɗan ƙwaya kuwa abin kunya. Sai na zaɓi tausayin.

Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha rubutu har na gaji. Ina fitowa sai in ɓalli ƙwayata in kora da ruwan leda. Faɗuwa ta ƙi tsayawa. Sai aka kai ni wurin wani mai duba. Ya buga ƙasa ya ce, "Ba iska ba ce, sammu ne. A abinci ake ba shi, kuma hannun na cikin gida ne."

To wa yake dafa min abinci? Matata, Rabi.

Ita kaɗai ta san gaskiya, don ta sha tsintar katin ƙwaya a aljihuna in za ta yi wanki. Da aka titsiye ta, ta faɗi maganar ƙwayar. Inna ta tafa hannu ta ce, "Au! Bayan sammun har da sharri? Ɗan nawa?"

Rabi ta juyo wurina tana kuka. "Baban Ummi, ka faɗa musu mana. Ka ji tsoron Allah ka faɗa musu."

Wallahi jama'a, kalma ɗaya ake nema a bakina. Na sunkuyar da kai. Inna ta ce ko ita ko Rabi, ni kuwa na rubuta takardar saki. Ta goya 'yarmu Ummi ta koma gidansu a Darki, da sunan wadda ta asirce mijinta.

Sati uku bayan nan abin ya kama ni a cikin ruwa. Abokan aiki suka tsamo ni na sha ruwa na ƙoshi, suka yi asibiti da ni. Likitan ya fitar da kowa, ya ja kujera ya ce, "Malam Habu, guda nawa kake sha a rana?" Gwajin fitsari ne ya amsa masa, ba ni ba.

Aka mai da ni asibitin ƙwaƙwalwa a birni, sashen masu shaye-shaye. Aka ɗebi jini, aka duba hanta da ƙoda. Kwanakin farko ba na fatan su ko ga maƙiyina: zufa, gudawa, hamma, gaɓoɓi kamar ana sara da gatari. Na zagi ma'aikata, na roƙe su ƙwaya ɗaya ina kuka kamar yaro. Su dai magani a kan lokaci, awon jini da safe, sai zaman tattaunawa da hantsi. Inna ta sayar da tumakinta uku don kuɗin gado da magani.

A sati na biyar na faɗa wa Inna komai. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi, "Habu, ka sa na zalunci 'yar mutane da tsufana." Tun ranar ba ta ƙara kallona ido cikin ido ba.

Yau wata bakwai ban sha ba, kuma ban sake faɗuwa ba. Ina komawa asibiti duk wata. Alhamdu lillahi. Amma kada wanda ya ce min barka, ban ji na warke ba.

Na je Darki da Inna. Idda ta daɗe da cika. Rabi ta fito zaure, ta gaida Inna, sannan ta ce min, "Shan ƙwaya ciwo ne, na yafe. Amma ranar da na roƙe ka, idonka biyu." Ta shige gida.

Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka jure zagina, da abokan da suka tsamo ni. Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma, in naku ya fara faɗuwa, ku yi addu'a, amma ku kai shi asibiti a gwada fitsarinsa kafin ku nuna wa wani yatsa. Mai sha kuma kada ya ce zai yanke shan shi kaɗai a ɗaki, akwai magani a asibiti. Ya buɗe baki ya faɗa tun kafin a ɗora wa wani.

Saura roƙo ɗaya. Rabi awara take soyawa a ƙofar gidansu, da ita take ciyar da Ummi. An ce min tana yini ba a zo an saya ba, wai ba a cin abin hannunta. Mutanen Darki, ku karanta wa marasa waya wannan. Ni na zuba wa kaina guba da hannuna. Don Allah ku sayi awararta, ku ci a gaban mutane.