Jar Rigar Mai Gadi

Ina zaune a shagon mai gyaran waya ina jiran tawa, ga wani mutum a gefena kan benci. Zai kai arba'in, yana sanye da kakin masu gadi da ya koɗe a kafaɗa, yana ta murza babban yatsansa a gwiwa. Ni ban san wasan waya ba, amma na san fuskar wanda aka ci wa amana.

"Malam, wayarka ta cika," in ji mai gyara yana duban mutumin. "Wasan nan naka ne ya cinye wurin. In goge?"

Sai mutumin ya juyo wajena.

"Baba, lokacin da kowa ya watse daga wasan nan, mu 'yan kaɗan muka tsaya muna biya duk wata don kada a rufe. Suka ba mu jar riga a ciki, shaidar mu ne 'yan asali. Yanzu sun mayar da shi kyauta don su tara jama'a. Yaro ya shigo jiya, yau yana yawo da rigata."

"Ai da ba su yi haka ba, da tuni ya mutu," in ji mai gyara yana dariya.

"Da ya mutu a hannunmu."

Ina zaton wasan nan ne yake taya shi zaman bakin ƙofa shekara da shekaru. Ya karɓi wayar, ya tuɓe wa ɗan mutumin nasa na cikin wasan jar rigar a hankali, ya bar shi tsaye da singileti. Sannan ya miƙa ta.

"Yanzu goge."