Ranar da Baffa Iro ya tare ruwa da gishiri

Ɗazu na ga maƙwabcina yana jera buhunan yashi a ƙofar shagonsa, sai dariya ta kama ni, har ya waiwayo yana duba bayan rigarsa.

Baffa Iro na tuna, ƙanen babanmu. Ina 'yar firamare lokacin, ko naira ba ta fito ba. Baba yana sayar da yadi da gishiri a kasuwar Karaye, ƙofar shagon kuma tana kallon kwari.

Wata ranar kasuwa hadari ya haɗu. Baba zai tafi sallar azahar ya ce wa Baffa ya jera buhuna a bakin ƙofa kada ruwa ya taɓa yadi. Na yashi yake nufi, suna bayan shago. Baffa ya ga na gishiri sun fi kusa.

Aka tafka ruwa. Baba ya dawo ya tarar da buhuna shida kwance kamar tabarma.

"Iro, ina gishirina?"

"Yaya, ai ya yi ƙoƙari. Taɓa yadin ka ji, ko ɗaya bai jiƙe ba."

"Na ce yana ina?"

Baffa ya dubi inda ruwan ya gangara. "I zuwa yanzu dai, ina jin ya kai kogin Challawa."

Sati biyu shanun Fulani suna layi suna lasar ƙofar shagonmu, masu sayen yadi suna jira su gama.

Har Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai yarda ya yi kuskure ba. Ku ma akwai injiniya irinsa a gidanku?