Ranar da Yaya ta Fita Cikin Takaba

Yayata tana cikin takaba aka bugo mini waya cewa masu na'urar ƙona ciwon sun iso asibitin Rano, kuma ba za su wuce makon ba. Ni aka kira don Yaya ba ta riƙe waya. Na bar wa maƙwabciyata tukunya a kan wuta, na ja mayafi na nufi tashar motocin Kibiya, garin da Yaya take aure.

Tun kafin damina abin ya faro. Ma'aikatan lafiya sun zo Kibiya duba mata, na ja Yaya muka shiga layi tana ta mita wai lafiyarta ƙalau. Aka shafa mata wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa, wurin ya yi fari. Nas ta zaunar da mu ta ce ba sankara ba ce tukuna, amma hanyarta ke nan, in an ƙona wurin da wuri an huta. Sai ta shiga tambaya. Da ƙuruciya aka yi miki aure? Haihuwa nawa? Yaya ta ce tara, bakwai na raye. Maigida ya taɓa auren wasu? Nan Yaya ta sunkuyar da kai. Mijinta direba ne, mutumin kirki mai sakin hannu, amma auri-saki kam ya yi shi. Nas ta ce ƙwayar cutar a shimfiɗar aure ake ɗaukarta, namiji yana iya yawo da ita shekara da shekaru bai sani ba, ba sai ya aikata wani abin assha ba. Auren wuri da yawan haihuwa su ke ba ta wurin zama.

Ba mu samu zuwa maganin ba. Mijin ya yi hatsari a hanyar Kano, Yaya ta tare a gefen gadonsa wata da watanni har Allah ya karɓi abinsa. Ma'aikaciyar da ta bugo wayar ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa an riga an yi jinkiri, in tabon ya ƙara faɗi ya fi ƙarfin ƙaramar na'ura.

Da na sauka, kafin in shiga gidan Yaya na biya wajen limamin unguwa. Ya ce mai takaba tana fita don lalura, ta je da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na shiga da ƙarfina, ashe ba a nan rigimar take ba.

Wata mata da ke bayanmu a layi ranar gwaji ta kasa kunne ta bayan labule, ta kwaso zancen ta kai wa Hajiya, uwar mijin, har da ƙarin gishiri. Wai an ce ɗanki ya shafa mata cutar banza. Wallahi har yau in na ga matar nan a kasuwa sai na canza hanya, don ban amince da bakina ba.

Na tarar da Hajiya a kan tabarma daidai ƙofar ɗakin Yaya, tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni, na kawo maganar liman.

"Liman ya haifa mini shi?" in ji Hajiya. "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za ku tafi Rano ku tsaya gaban mutane ku ce shi ne."

"Haba Hajiya! Wa ya ce shi ne? Magani za a yi mata."

"Maganin me? Dube ta. Ina ciwon?"

Gaskiya babu abin gani. Yaya na zaune a bakin gado cikin tsohon zane, ba kwalli ba ɗankunne, lafiyayya kamar kowa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na ce, "Yaya, tashi mu tafi, mota ba za ta jira mu ba." Ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, "Ƙanwata, in na je, kamar na yarda da abin da ake faɗa a kansa ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To zauna! Ki kare sunan wanda ya riga ya tafi, in ya so yaran su tashi ba uwa ba uba. Ni kam ba zan iya riƙe bakwai ba, na gaya miki." Hajiya ta ce rashin kunya na zo yi musu har gida. Saura kaɗan in faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Can sai Yaya ta miƙe ta zura hijabi. Ta zo bakin ƙofa ta durƙusa gaban surukarta.

"Hajiya, ban ce komai a kansa ba, ba kuwa zan ce ba. Ki ɗan janye mini tabarmar."

Hajiya ba ta janye ba, ba ta ko ɗago kai ba. Yaya ta raɓa ta gefen bango ta wuce, faifan waken ya kife. Ba wanda ya tsaya kwashewa.

A Rano wata nas ce daban, yarinya mai fara'a, ba ta san komai a kanmu ba. Ta duba ta daɗe tana dubawa, ni ina riƙe da hannun Yaya ina salati a zuci. Ta ce tabon ya ƙaru, amma na'urar za ta iya. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Tana cire safar hannu ta yi murmushi ta ce, "Baba, sai fa ki ba maigida haƙuri, ya ƙaurace miki har wurin ya warke. Ki faɗa masa likita ce ta ce."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta matse mini yatsu.

"To, 'yata," ta ce. "Zai yi haƙuri."