Kisrar Farko da Hannun Ƙarfe

Har in mutu ba zan manta da safiyar da na farka a gadon asibiti a garin Bahri ba. Yayata tana zaune a gefena, ta ce, "Ki yi haƙuri, baban yara ya rasu." Sai da ta bari na gama salati sannan ta ɗaga mayafin da aka lulluɓe ni da shi. Hannuna na dama ya tsaya a ƙasan gwiwar hannu kaɗan, an yanke sauran. Motar hayar da muka shiga daga unguwar Hajj Yusuf ce ta kife a kan gada.

Sana'ata kisra ce, siririn burodin dawa da ake shimfiɗa ƙullunsa a kan faranti mai zafi da ɗan guntun kaba, wanda muke kira gargariba. Da ita nake ciyar da 'ya'yana mata biyu. A ranar sadakar bakwai wan mijina ya zo daga ƙauyensu da ke yankin Jazira, ya ce, "Idan kin fita takaba zan tafi da yaran ƙauye. Ba mugunta ba ce, da me za ki riƙe su?"

Tun dungulmin bai warke ba aka tura ni wani wurin koyon hannun roba a Omdurman. Likitar wurin, wadda muke kira daktora, ta ɗauko wani hannu mai ƙugiyar ƙarfe a baki, da igiya da ke zagaya kafaɗa, ta ɗaura mini a hagu.

Na ce, "Ya daktora, shi kaɗai ya rage mini, shi ma za ki ɗaure?"

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya hajja. Damanki ba zai ɗauki komai ba sai ya warke. Abin da hagu ya koya kai ne ke ajiyewa, dama zai zo ya karɓa."

Ban yarda ba, amma ba ni da lokacin gardama. Idan na miƙa kafaɗa ƙugiyar ta buɗe, idan na saki ta rufe. Suna ba mu 'yan katakai mu ɗauka. Ni kuwa na zo da gargaribata daga gida, na roƙi tire, ina shafa ta a kai babu wuta babu ƙullu. Ta faɗi sau ba adadi. Wani tsoho da ke koyo kusa da ni kullum sai ya ce, "Mai kisra, yau ma iska za mu ci?"

Ranar da aka saka mini nawa a dama, na kalli gargaribar a kan tebur, kafaɗata ta motsa da kanta, ƙugiyar ta kama. Wannan hannun bai taɓa gwadawa ba, amma ya san hanya. Na juya fuskata bango na ɗan jima.

Wan mijina ya dawo kwana biyu bayan fitata takaba. Na ce, "Yaya, zauna ka karya." Na hura wuta a gabansa. Kisrar farko ta yage. Ta biyu ta ƙone a gefe. Ta uku na ɓare ta da hagu, ta fito cikakkiya, ana hango haske ta cikinta. Ya ci da miyar kuɓewa bai ɗago kai ba, ya wanke hannu, ya ce, "Su ci gaba da makarantarsu a nan." Da la'asar ya koma shi kaɗai.

Abin da na koya shi ne, idan an rasa wani sashe, kada a zauna jiran ya warke. A fara da wanda ya rage, wahalarsa ba ta tafiya a banza. Kisra kam na ci gaba da yi. Kitso ne har yau ban iya yi wa ƙaramar ba.