Injiniya Orest Demchuk da Jirgin da Aka Tsire a Port Ansell

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Orest Demchuk a shekarar 1929 a garin Port Ansell da ke bakin tafkin Huron, a lardin Ontario. Mahaifinsa, Mykola Demchuk, lebura ne a rumbun alkama na tashar jirgin ruwa, mahaifiyarsa kuwa, Halyna, ɗinki take yi a gida. Su biyun sun yi hijira ne daga Yukren ba tare da wata dukiya ba in ban da taurin kai, kuma da yake Orest shi kaɗai suka haifa, bai raba wannan gado da kowa ba.

Ilimi

Ya yi karatun firamare da sakandare a garin, inda malamansa suka yi ittifaƙi a kan abu biyu: ba wanda ya kai shi lissafi, kuma ba ya iya ganin kuskure a allo ya yi shiru, ko da shugaban makaranta ne ya rubuta. A shekarar 1947 ya tafi jami'a a Toronto, ya karanta injiniyancin jiragen sama, ya kammala a 1951 da sakamako mai daraja da abokai ƙalilan.

Aiki a Kamfanin Hallam

A wannan shekarar ne Kamfanin Jirage na Hallam, wanda a lokacin shi ke ciyar da rabin garin, ya ɗauke shi a sashen da ke tantance iyakar nauyin da kowane ƙarfe zai ɗauka kafin ya karye. A 1953 aka danƙa masa tsara ƙarfen da ya ratsa fikafikai biyu na wani sabon jirgin yaƙi, ƙarfen da shi ne ƙashin bayan jirgin. Samfuri biyu aka ƙera domin gwaji, ma'aikata suka raɗa musu suna Shirwa. Na farkon ya tashi a bazarar 1956, matuƙin gwaji Hubert Lachance yana riƙe da shi, aka rufe makarantu domin yara su gani, tagogin gari suka yi ta karkarwa.

A 1958 masu sayen jirgin suka sanar cewa zamanin jiragen yaƙi ya shuɗe, makamai masu linzami sun gaje su. Wannan hasashe ya cika shekara sittin yana jiran tabbata. Aka liƙa takardar sallamar ma'aikata a ƙofar kamfanin. Jirgi na farko aka daddatsa shi aka narkar, ya koma tukwane da kujerun lambu. Na biyun aka bai wa 'yan kwana-kwana suna koyon kashe gobara a jikinsa, da suka ƙoshi aka sayar wa wani mai gwangwan, wanda ya jefa shi cikin ciyawa a bayan filinsa, kajinsa suka sami ɗakin kwana mafi tsada a lardin.

Orest ya sami aiki a wata masana'antar injinan wanki a garin da ke maƙwabtaka, ya shafe shekara talatin a can. Injinan da ya tsara ba sa lalacewa, dalilin da ya sa masana'antar ba ta taɓa ƙara masa girma ba.

Aure da 'Ya'ya

Tun a 1955 ya auri Doreen Pelletier, ma'aikaciyar jinya, mace mai haƙuri da kaifin harshe. Sun haifi Marcia a 1957, Glenn a 1960, sai Tanya a 1964. An ruwaito Doreen tana ce wa ƙawayenta: "Maigidana mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya yawo. Amma in gidanmu na cin wuta wani ya yi ihu ya ce ɗaki huɗu sun kama, sai ya tsaya ya gaya masa uku ne da rabi."

Gyaran Shirwa

A 1989, shekarar da Orest ya yi ritaya, mai gwangwan ya rasu, magadansa suka fara share filin. Orest da tsohon abokinsa Hubert Lachance suka garzaya majalisar gari, suka shawo kanta ta sayi gawar jirgin a kan farashin gwangwan, ta kuma ara musu tsohuwar rumfar jirage ta Hallam. Da haka jirgin ya zama mallakin majalisa, lamarin da bai dami kowa ba a lokacin, domin ba a rigima a kan ɗakin kaji.

Tsofaffin ma'aikatan kamfanin goma sha huɗu suka haɗu, duk Talata da Asabar, da kofi a butoci da donat a kwali. Orest ya kafa musu sharaɗi guda: za a gyara jirgin kamar gobe zai tashi, duk da kowa ya san ba zai sake barin ƙasa ba. Duk ƙusar da ba ta dace da zanen asali ba sai an cire ta, ko da tana wurin da ido ba zai taɓa kaiwa ba. Ƙashin bayan jirgin, wanda wuta ta gasa, ruwa ya ci gindinsa, shi Orest ya keɓe wa kansa. Ya shafe shekaru yana yanke ruɓaɓɓen yana ƙera sabo, yana ɗora masa buhunan yashi yana aunawa, har ya fi ƙarfinsa na ranar farko.

Ya kuma haramta wa baƙi shiga har sai an gama. Wata rana wata malamar firamare ta zo da ajinta, ya tsayar da su a ƙofa cikin dusar ƙanƙara. Hubert ya ce masa, "Kai Orest, Allah ya shirye ka, 'yan aji uku ne fa, ba 'yan leƙen asiri ba." Orest ya ce, "Ɗan leƙen asiri ai yana wanke hannu. Dubi yatsunsu, duk maiƙo." Yaran da aka kora a wannan rana sun girma, wasunsu sun shiga majalisa.

An kammala aikin a 2009. Jirgin ya tsaya a kan tayoyinsa yana ƙyalli, injinsa a ciki, agogunan ɗakin matuƙi duk suna aiki. Daga cikin goma sha huɗun, mutum huɗu ne suka rage su gani.

Zaman Majalisa na 2010

A shekara ta gaba majalisa, ƙarƙashin magajin gari Dale Prentiss, ta buƙaci filin rumfar domin gina zauren wasan zamiya a kan ƙanƙara. Game da jirgin kuwa ba ta wahalar da kanta da tunani ba, domin akwai al'ada: duk garin da ya mallaki tsohon jirgin yaƙi a ƙasar nan, turke yake kafawa a bakin babbar hanya ya soke jirgin a kai, hanci sama, domin mai wucewa ya san ya iso wurin da aka taɓa yin wani abu. A daidai lokacin wani gidan tarihi a wani birni ya yi tayin karɓar Shirwa ya ajiye a ƙarƙashin rufi. Majalisa ba ta son bayarwa, amma ta fi tsoron jirgin ya faɗo a kan motar wani a kai ta kotu, saboda haka ta ɗauki wata injiniya, Anita Varga, ta duba ko zai iya zama a kan turke.

Anita ta shiga rumfar, ta ga aikin, ta fahimci abin da ake shirin yi masa. Ta rubuta cewa ƙarfen da ya haura shekara hamsin, ya sha wuta ya sha ruwa, ba za ta iya ba da tabbacin zai jure iskar tafki ba. Ba ƙarya ta yi ba, shakka ta bayyana a inda shakka za ta yi amfani. Duk mai hankali a garin ya gane cewa ƙofa ce ta buɗe wa jirgin zuwa gidan tarihi. Hubert ya je har gida ya ja wa abokinsa kunne. "Gobe ka zauna a kujerar baya ka ɗinke bakinka. Yarinyar nan ceton mu take yi, ka ji ko?" Doreen ta ƙara da nata: "Maigida, in ka miƙe tsaye a zauren nan, ka nemi mai dafa maka abinci."

Ya zauna a kujerar baya. Aka karanta rahoton, kansiloli suka fara tattara takardunsu, magana ta kusa mutuwa. Sai magajin gari ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, tunda abin ruɓaɓɓe ne, su zo su kwashi kayansu."

Orest ya miƙe. Hubert ya riƙe masa gefen kwat, ya fizge.

"Ranka ya daɗe, me ka ce ya ruɓe?"

"Baba Orest, rahoto ne ya faɗa, ba ni ba."

"Kai da kake sayar da inshora, me ka sani game da ƙarfe? Ba ni allon can."

Ya cika allon da lissafi, ya goge, ya sake cikawa. Ya nuna musu nauyin jirgin, da ƙarfin iska mafi muni da aka taɓa gani a bakin tafkin, ya ninka ta, ya ɗora mata ƙanƙara, ya tabbatar da cewa ƙashin bayan zai ɗauka har da ragi. Bai tsaya nan ba: ya zana musu daidai inda ya kamata turken ya kama. Sannan ya ajiye alƙalami. Magajin gari ya juya ga Anita ya tambaye ta ko lissafin daidai ne. Ta bi lissafin da ke allon layi-layi, sannan ta ce, "Daidai ne." Ba ta da wata amsa da za ta bayar ta ci gaba da zama injiniya.

Nan take aka kaɗa ƙuri'a, turke ya yi rinjaye. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu har da Glenn Demchuk, kansila kuma dillalin motoci, wanda filin kasuwancinsa ke fuskantar mahaɗar hanyoyin da aka zaɓa domin kafa turken. Da mahaifinsa ya tare shi a matakala, cewa ya yi, "Haba Baba, kai da bakinka ka ce zai ɗauka." Hubert kuwa ya tsaya a gaban abokinsa yana huci, ya ce, "Shekara hamsin ina jiran ranar da za ka yi kuskure a lissafi. Yau da nake roƙon Allah ka yi, ka ƙi. Jaki mai digiri!" Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu, Hubert ya rasu a hunturun shekarar.

Ɗora Jirgin a Kan Turke

A bazarar 2011 aka aiwatar da ƙudurin. Injin da tsofaffi suka kwance suka ɗaura ƙusa bayan ƙusa aka zare shi domin rage nauyi, aka ajiye a harabar ma'aikatar ayyuka kusa da motocin shara. Aka kwashe agogunan a kwalaye, waɗanda har yau ana neman inda suka shiga. Aka shafe gilashin ɗakin matuƙi da baƙin fenti don kada a ga babu komai a ciki. Sannan aka ɗaga jirgin aka zura masa bututun ƙarfe ta wutsiya, kamar yadda mahauci ke soke tsire, aka yi walda daidai inda Orest ya zana. An yi biki da 'yan badujala, magajin gari ya yi jawabi a kan girmama tarihi, aka buɗe allon tagulla mai ɗauke da sunayen kansiloli. An gayyaci Orest ya yanke kirtani, ya mayar da katin ba tare da ya buɗe ba.

Hanyar da ke ƙarƙashin jirgin ana zuba mata gishiri duk hunturu domin narkar da ƙanƙara, manyan motoci suna fesa shi sama. Ba a yi shekara biyu ba ƙyallin ya dushe, fararen tabo suka fito a cikinsa, tattabaru suka gaji kajin mai gwangwan.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A kakar 2012 aka kwantar da Orest a asibiti sakamakon ciwon zuciya. Yana can ne guguwar watan Nuwamba ta taso daga tafki, ta yaye rufin coci, ta karya bishiyoyi, ta bar garin babu wuta. Washegari Glenn ya shigo ɗakin da murnarsa. "Baba, albishirinka! Rufin coci ya tafi, allon tallana ma ya kwanta, amma jirginka ko gezau!" Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ta shaida cewa tsohon ya amsa masa ne yana kallon silin. "Na sani. Ni na yi lissafin. Ja mini ƙofar in za ka fita."

Ya rasu a watan Janairun 2013 yana da shekara tamanin da uku. Da yake ƙasa ta daskare, an ajiye gawarsa har watan Afrilu, sannan aka yi jana'izarsa a cocin Yukreniyawa. Hanyar maƙabarta ta bi ta gindin turken ne, amma Doreen ta umarci direba ya zaga ta cikin gonaki, ta ce mijinta ya riga ya ga abin da zai gani. Motar magajin gari ita kaɗai ta bi ta gajeriyar hanya, ta riga gawar isa.

Ya rasu ya bar matarsa Doreen, da jikoki bakwai, da 'ya'ya uku: Marcia, malamar lissafi a Windsor; Tanya, likitar dabbobi a arewacin lardin; da Glenn, wanda aka zaɓa magajin garin Port Ansell a 2014. A ƙarƙashin jagorancinsa ne, bayan wani falle na jikin Shirwa ya faɗo a kan titi, majalisa ta kafa kwamitin duba yiwuwar gyara jirgin. Kwamitin ya sanar cewa ƙashin bayan lafiyarsa lau, kuma ana neman dattawa 'yan sa-kai masu sha'awar tarihi.