Ranar da Araali Ya Sauke Mahaya Tamanin Daga Keke

Kafin rana ta gama leƙowa ta bayan tuddai, Yowasi Kaahwa ya riga ya ɗaure fartanya da adda a kariyar tsohon baƙin kekensa, ya kurɓi shayi a tsaye, ya kama hanyar burjin da ta zagaye tafkin Nyabikere. Ba mai kiransa Yowasi sai takardar coci. Araali ake ce masa, sunansa na girmamawa, da shi ake gaishe shi tun daga ƙofar gidansa har gonakin shayin can sama. Inda ruwan sama ya zaizaye hanya ya cike da tsakuwa, inda ayaba ta faɗo ya janye ta gefe, magudanar da ta toshe ya yashe ta. Zagayen da saurayi zai yi cikin awa ɗaya, shi sai rana ta take, don ba ya wuce gida bai tsaya ba. Sai ya tambayi lafiyar tsohuwa, da ta saniya, har da akuyar da ta yi ɓari makon jiya.

Samarin ƙungiyar masu hawan keke suna yi masa tsiya, wai bakinsa ya fi ƙafarsa aiki. Dariya kawai yake yi. Shekara talatin ya yi yana lodin ayabar dafuwa a wannan keken yana kaiwa kasuwar Fort Portal, nonon ayaba shida a tashi ɗaya, yana turawa a hawa yana jan ƙafa a gangara. Da 'yan birni suka gaji da hayaƙin mota suka fara zuwa da kekunansu masu faɗin taya suna neman inda ba ƙarar inji, wurinsa aka turo su. Yau shekara goma sha huɗu ke nan yana riƙe musu hanya.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, wannan hanyar da suke yabo ba ta gwamnati ba ce. Ta cikin gonakin mutane ta ratsa, kowane yanki da mai shi. Yankin da ya fi kowanne muhimmanci kuwa bai kai rabin kilomita ba, ya bi ta tsakiyar gonar ayabar Iya Kabahuma, ya wuce daf da ƙofar gidanta. Idan aka rufe nan, ba wata mafita sai a gangara kwalta, a yi kilomita bakwai ana goga kafaɗa da tifofi da manyan motocin ganyen shayi.

Kuma ta taɓa rufewa. A shekarar farko wasu mahaya suka wuce ta fuu tana zaune tana ɓarar wake, ko ɗaga hannu ba wanda ya yi. Washegari ta sa aka jibge ƙaya a bakin hanyar. Araali ya je ya durƙusa ya gaishe ta da sunanta na girmamawa.

"Barka da hutawa, Abwooli."

"Ka zo roƙo ne? To ka koma. Kaza ma in ta shigo tsakar gidana sai na ji muryarta. Su wa suka haifi waɗannan masu hular kwanon?"

"Ban zo roƙo ba, Iya. Ayabarki na ga tana neman sassabe."

Wata huɗu yana zuwa duk Talata, yana sassabe mata gona, yana cin tuwon tamba da miyar wake tare da maigidanta, bai sake tayar da zancen hanya ba. Ita da kanta ta gaji ta ce a kwashe ƙayar. Sharaɗinta ɗaya ne: duk wanda zai bi ta gidanta, ya bi kamar ɗan mutane. Ta kuma rantse in aka sake raina ta, rufewar ta har abada ce.

Kai ne ka ɗauki wannan alkawari a wuyanka, Araali, ba takarda ba sa hannu. Kai ne kake tsayar da kowane sabon mahayi ka koya masa gaisuwa kafin ka nuna masa hanya. Mutane suna ba da labarin yadda ka haɗa tsinkakkiyar sarƙar keke da ƙusa da dutse, da yadda ka goyo wani ƙaton ɗan Nairobi a kariya har asibiti, amma ni ranar tseren bara waccan ce ba ta fita a raina.

Mahaya tamanin suka taru daga Kampala da Kigali da Nairobi. Kemigisa, budurwar da ke shirya tseren, wadda ake gaisarwa da Akiiki, ta shafe wata shida tana fama, ta zuba taswirar hanyar kaf a wayoyin mahaya. Da sassafen ranar aka ji kuka daga gidan Iya Kabahuma. Maigidanta ya cika.

Kowa a ƙasar nan ya san abu biyu. In an yi rasuwa ba mai ɗaukar fartanya a ƙauyen sai an binne, kuma ba a wuce gidan makoki a kan keke. Ga shi ruwan jiya ya yanka rami a gangaren da ke kusa da gidan. Araali ya kwance fartanyarsa ya jingine ta a gida, ya je ya cike ramin da hannu, dutse bayan dutse, har yatsunsa suka farfashe. Daga nan ya je ya yi ta'aziyya, sannan ya nemi Kemigisa a waya. Sai da ta saki mahayan kiran ya shiga.

"Baba Araali, sun riga sun tashi! Minti arba'in su iso wurinka."

"To za su sauka, Akiiki."

"Su sauka? Tsere ne fa, Baba, ba zuwa coci ba! Mutum ya taso tun daga Kigali, ka ce ya tura keke? Sunana zai ɓaci, ba mai sake zuwa."

"'Yata, in suka wuce a guje yau, baɗi a kan kwalta za ki yi tserenki, ke da tifofi. Wayarki ta san akwai gawa a gidan nan?"

Can ta ce, "Ga ni nan zuwa a babur. Kada ka bar kowa ya wuce."

Ya gindaya kekensa a tsakiyar hanya, nesa kaɗan da gidan, ya tsaya a bayansa. Na farkon da ya ɓullo wani dogo ne ɗan Kampala, ya ba na biyu tazara mai yawa, ƙura ta rufe masa fuska. Ya danna birki har tayar baya ta ja ƙasa.

"Kai tsoho, kauce! Ka haukace ne?"

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Sauka."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Kai ne wanda zai fara cire hula. Dubi can."

Saurayin ya duba. Mata zaune a kan tabarmi a ƙarƙashin ayaba, maza suna jera benci, hayaƙin wutar makoki yana tashi. Shi ma ɗan ƙauye ne kafin ya zama ɗan birni. Kunya ta kama shi, ya zare ƙafa daga feda, ya cire hular kwanon ya rataya a kan keke. Na biyu ya iso ya ga na farko a ƙasa, bai ko tambaya ba. Kemigisa ta ƙaraso ta tsayar da agogo, ta rubuta yadda kowa ya iso don ta sake su a haka a gaba.

Haka mutum tamanin suka bi layi suna tura kekuna, kai a buɗe, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalma. Kowa ya zo ƙofar gida sai ya rusuna ya ce, "Sannu da haƙuri, Abwooli," yadda Araali ya faɗa musu, har da waɗanda harshensu ya kasa juya sunan. Tsohuwar tana bin su da kallo har na ƙarshe ya wuce. Sai ta yafito Araali, ta kama hannunsa ta ga yatsun.

"Da hannu ka cike ramin?"

"Da hannu, Iya."

"Tsohona ya samu rakiyar da ko shugaban gunduma bai samu ba. Ka faɗa wa 'ya'yana, in na mutu ma kada a sa ƙaya a nan."

Har yau ba a sa ba.

Yanzu gwiwa ta ƙi, shekara sittin da takwas ba wasa ba. Asabar ɗin da ta wuce Araali ya miƙa wa Kemigisa fartanya da addar, ya ce ta fara da koyon sunayen awakin mutane. Ya ƙi a yi masa taro, ya koma gida ya zauna a gindin bishiyar piya da ke ƙofarsa. Can da hantsi sai ya hango mahaya sun fi ɗari suna gangarowa. Suna kusantar gidansa suka taka birki, suka sauka, suka cire huluna, suka fara turawa. Tsohon ya miƙe zumbur da sandarsa.

"Kai! Wa ya mutu? Ina nan da raina, 'yan banza! Ku hau!"

Kemigisa ta rusuna a gabansa ta ce, "Shi ya sa muka sauka yau, Baba Araali. Muna so ka ga girman da muke ba ka da idonka, tun kana raye."

Ya koma ya zauna yana share ido da gefen riga, yana cewa ƙurarsu ce ta dame shi.

Mun gode, Araali, mai buɗe hanya da gaisuwa. Allah ya sassauta wa gwiwar nan, ya ƙara maka kwana mai daɗi. Ku kuma da kuke jin daɗin burjin nan da ba mota ba hayaniya, ku koyi abin da ya koya mana: ku san masu gonar, ku gaishe su da sunansu, ku ɗauke dutse in kun gan shi a hanya. In kuma kun iso gidan mai bishiyar piya, ku taka birki. Zai ɗaga sanda ya yi muku faɗa. Ku dai ku sauka.