Gyare na Bakwai

Duk wanda zai hau dutsen kwarinmu da allunan zamiya a ƙafa, sai ya bi ta gaban Burul. Kowa Eje yake ce mata, wato Yaya a yarenmu, har waɗanda suka girme ta. Tana nan tsaye bakin kujerun igiya masu kai mutane ƙoli, da tsohuwar rigar sanyi ta soja da jan ɗankwali, ba gaisuwa ba murmushi. Abu ɗaya take son gani, gyare.

Haka muke kiran 'yar na'urar da ake ratayawa a ƙirji, saboda kukanta. In kana zamiya, gyarenka na kan kira, yana aika alama shiru-shiru. In dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne wani, sauran sai su murɗa nasu zuwa saurare, su bi kukan har inda yake. Minti goma sha biyar ake da su. Bayan nan galibi gawa ake tonowa.

Shekara ashirin da biyu Eje ta yi a gidan awon yanayi da ke can saman dutse, kullum da safe tana haƙa rami tana duba yadda ƙanƙara ta kwanta hawa-hawa. Aka rufe gidan, mijinta ya rasu, ta sauko da ɗanta tilo, Riskul. Da baƙi suka fara zuwa zamiya daga biranen Karakol da Almati, ta sayar da shanunta biyu ta sayi tsoffin gyare goma sha biyu tana ba da haya. Duk wanda ya karɓa sai ya sha karatu.

"Ranar da gari ya waye garau bayan kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara, ranar dutse ke cin mutane. Gangare mai tsauri, ɗaya bayan ɗaya ake ƙetare shi. Gyare a ƙirji yake zama, ba a jaka ba. In ka gama da shi, hannuna za ka dawo da shi, ni zan kashe."

Ni Kubat, shekarata tara ina yi wa baƙi jagora tare da Riskul, tun makaranta muke tare, amma gaskiya uwarsa ba ta kwanta mini ba. Ƙato da ni, sai ta zuge mini riga a gaban baƙi ta duba ƙirjina kamar ɗan yaye.

Ranar da nake son ba ku labari, irin ranar da take faɗa ce, rana fes bayan kwana uku ana zuba. Baƙi biyar muka ɗauka daga Almati. Eje ta rataya mana gyare bakwai, ta ce, "Ban da Wuyan Raƙumi yau." Sunan wani gangare ne mai tsauri a bayan ƙoli.

Muna isa sama ɗaya daga cikin baƙin, wani mai tumbi wai shi Marat, ya dafe kai.

"Kai, ni kam na haƙura, kaina zai tsage. Wannan abin ma shaƙe ni yake."

Ya cire gyarensa ya miƙo mini, ya hau kujera ya koma ƙasa. Na jefa abin cikin jakar bayana, hankalina na kan sauran huɗun da ke ta naci su dai sabuwar ƙanƙara suke so, wadda ba wanda ya taka. Na ce mu bi gefen Wuyan Raƙumi, gefe kawai.

Riskul ya ce, "Inna fa ta hana."

"To koma ta goya ka mana."

Ya yi dariya, ya ce bakina ne zai kashe ni, ya shige gaba don ya gwada mana hanya. Yana tsakiyar ƙetarewa na ji wani gum a ƙarƙashin ƙafata, kamar an yar da buhun gari a ɗakin maƙwabci. Gangaren ya tsage a samansa, ya tafi da shi gaba ɗaya. Na ga jar hularsa sau biyu, ban ƙara gani ba. Da farar ƙurar ta lafa, babu komai sai tarin ƙanƙara mai faɗin filin ƙwallo.

Na dubi agogo. Sha ɗaya saura kwata.

"Kowa ya murɗa zuwa saurare!" Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar, na murɗa nawa, muka gangara. Tun kafin in tsaya gyarena ya ɓarke da kuka, yana nuna mita ɗaya. Na ce Alhamdulillahi, yana kusa. Muka zaro shebur muka hau tono, ƙanƙarar ta riga ta daskare kamar siminti. Muka kai tsayin ƙugu, ba kowa. Na matsa taku goma, mita ɗaya. Na koma hagu, mita ɗaya. Baƙin suna biye da ni, nasu duk wajena suke nunawa, ɗaya daga cikinsu, Dinara, tana kuka tana cewa a nan yake, a nan yake. Muka sake tona wani ramin na banza.

Minti shida suka tafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ciro oba-oba na kira masu ceto, suka ce sai nan da rabin awa za su iso. Sai wata murya ta katse su.

"Kubat. Wa ya shiga?"

Eje ce, daga bakin kujerun igiya.

"Baƙo ne, Eje."



"Me gyarenka ke cewa?"

"Mita ɗaya! Duk inda na taka mita ɗaya! Wannan tarkacen naki ya lalace!"

"Bai lalace ba, rage ihu. Gyare bakwai na bayar da safe. Ga mai tumbinku nan gabana yana shan shayi, ƙirjinsa ba komai. Ina nasa?"

Na sandare a tsaye. Gyaren Marat yana bayana, cikin jaka, a kunne, yana ta kira. Minti bakwai ina neman kaina.

Na fizgo jakar na zazzage ta a ƙasa, na kashe shi. Nawa ya yi tsit. Can sai ya fara wani ɗan kuka siriri, mita talatin da takwas, can ƙasa wajen bishiyoyi.

"Tafi," in ji ta. "Saura bakwai. In ka kai mita goma daina gudu. In ka kai uku durƙusa, ka kwantar da shi a ƙasa."

Na bi abin da ta ce kamar makaho da ɗan jagora. Lambar na raguwa, ta tsaya a ɗaya da rabi. Na haɗa dogon sandan bincike na fara sokawa. Na farko dutse, na biyu ba komai, na biyar ya taɓa abu mai laushi.

"Bar sandan a wurin. Kada ku tsaya a kansa, za ku danne masa iska. Ku fara tono daga ƙasan gangare, ku shigo masa ta gefe. Saura huɗu."

Muryarta ko rawa ba ta yi, kamar tana karanta awon sanyi. A lokacin haushinta na ji, wallahi, na ce a raina wannan mata dutse ce. Muna tono tana ƙirgawa. Saura uku. Saura ɗaya. Da ta ce lokaci ya cika, ko rigarsa ba mu gani ba.

"Ci gaba. Wa ya ce ka tsaya?"

Sha ɗaya da minti uku sheburin Dinara ya bankaɗo kafaɗa. Na yar da nawa na koma tono da hannu har na kai fuskarsa. Ta yi shuɗi, bakinsa cike da ƙanƙara. Na ƙwaƙule da yatsa, na hura masa iska, na sake hurawa, ina kiran sunansa ina zaginsa. A karo na shida ya shaƙe, ya yi wani mummunan tari.

"Yana numfashi, Eje!"

"Lulluɓe shi da rigarka. Kada ku miƙar da shi tsaye." Daga nan oba-obarta ta ɗauke.

Masu ceto suka sauko da shi a kan gadon da ake ja bisa ƙanƙara, cinyarsa a karye. Ta dafa goshinsa sau ɗaya aka sa shi a mota, ta ce za ta biyo baya in ta karɓi kayanta. Na tattara gyare bakwai na kai mata bakin kujerun igiya, ban iya ɗaga ido ba.

"Eje, ƙarya na yi miki. Ba baƙo ba ne."

"Na sani tun ka buɗe baki. Da Riskul na sama, shi zai kira ni, ba kai ba."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Da na ambaci sunansa, wa zai ƙirga muku minti?"

Ta ɗauki gyaren Riskul, har yanzu yana kan kira, igiyarsa a jiƙe. Ta kama makunnin za ta kashe, yatsunta suka ƙi. Ta sake gwadawa, hannun na karkarwa har abin ya kusa suɓucewa. A karo na uku ta miƙo mini shi ba tare da ta dube ni ba.

"Kashe mini wannan, Kubat."